Wadda Aka Goge a Littafi

Yaya ta gama karanta littafin autarsu a tsaye a ƙofar ɗakin Inna, hannunta na ƙamshin man zafi. Shekara shida ke nan tana juya tsohuwar a gado, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki. Amma a littafin 'ya ɗaya ce tal ke jinya, kuma mai tabarau ce irin na Auta.

"To ni ina nake?"

Auta ta gyara zama. "Haba Yaya, dabarar rubutu ce. Edita ya ce mutane sun yi wa labarin nauyi, shi ne na haɗe mu muka zama mutum ɗaya."

"Nauyi? Ke har kin san nauyi? Ke da kike leƙowa kina toshe hanci, ki ɗauki hoto ki ƙara gaba?"

Daga ciki Inna ta yi nishi, ta kira Yaya kamar kullum.

Yaya ta ɗauko fo na bayan gida da tsumma ta dire su a cinyar Auta, ta yafa mayafinta.

"Tashi, ke ake kira. Ba mun zama ɗaya ba?"