Ta Hannu ko Ta Tebur

Kabbasar ta karye a hannun Na'ibi da hantsi, a ɗan ɗakin da ke bayan gidan marigayi Shaikh Sa'ud. Ko ƙara ba ta yi ba. Matsawa ya yi, mariƙin ya saki, ya tsaya yana kallonta gida biyu a tafinsa.

Ɗan ƙarfe ne mai kama da filaya, aikinsa ɗaya: cusa kabsula, 'yar hular tagullar nan da ke gindin kwanson harsashi, wadda in an ja kunama aka sare ta wuta ke kamawa. Shaikh Sa'ud mutum ne mai son harbi, da takardun bindigoginsa, kuma bai yarda a zubar da kwanso ba. Sai a tsince, a kawo gida, Na'ibi ya sake ɗura su. Tun gemunsa na baƙi yake wannan aiki. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, direba dai ta ce, amma idonsa ya daɗe da daina ganin titi. Da Shaikh ya rasu, ɗansa Thamer ya zama kafili, ubangidan da iƙamar ke hannunsa, kuma abin da ya rage tsakanin Na'ibi da gidan shi ne wannan ɗaki. A unguwar Ammariyya, nan cikin Jidda, aka haifi Na'ibi. Fasfonsa kore ne, na ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ranar da Thamer ya ga babu dalilin sabunta masa iƙama, can za a kai shi.

Bayan la'asar, yana gidansa a unguwar Kurayyat, hotuna biyu suka shigo wayarsa, da muryar Thamer, mai kiransa Ammi, wato baffa: "Ammi Na'ibi, kai ka san abin. Zaɓi ɗaya in sa a kawo."

Matarsa Dela tana tankaɗen yajin da take sayar wa masu tsire. Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar.

"Mu gani. Wannan kamar abin matse lemo. Wannan kuwa sai ka ce famfon tuƙa-tuƙa."

"Ta farko ta hannu ce, irin tawa. Ta biyu a tebur ake ɗaure ta, a ja mariƙi."

"To ɗauki ta tebur mana, Abu Rahma. Hannun da murfin robar ruwa ya gagara?"

"Rage murya."

"Wa zai ji? Ɗan Bangaladash ɗin da ke ƙasanmu? Shi ma kullum yana ganin ni ke ɗaure maka maɓallin riga."

Na'ibi ya ɓoye hannun damansa ƙarƙashin cinya. Babban yatsan ya kumbura tun bara, da safe sai ya jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya lanƙwasu.

"Ba ki gane ba. Ta tebur kowa ya ja. Abdulelah direba ma ya ja, yana waya da ɗaya hannun. Ranar da ta shiga gidan nan, ni na zama me? Ta hannu kuwa ji ake yi. In kabsula ta zauna, yatsa ne ke gaya maka. Shaikh da bakinsa ya sha faɗa wa baƙi, duk Jidda babu mai yatsan Na'ibi."

"Allah ya jiƙan Shaikh. Amma ba shi ke danna maka sabuntawa a waya ba yanzu. Ka gaya wa yaron nan gaskiya. Kai ka goya shi, kai ka koya masa cewa sannu."

"Ba a nuna wa kafili ciwo, Dela. Haka na taras, haka ubana ya yi har ya faɗi a bakin aiki. Wanda ya ce wayyo a gaban kafili, da kansa ya nemi a sallame shi."

"Kuma da ya faɗin, lambar yabo suka rataya masa?"

Na'ibi ya danna waya, ya gyara murya yadda za ta fita da ƙarfi. "Ta hannu, ya waladi, ɗana. Ta tebur ta 'yan koyo ce."

Dela ta koma kan rariyarta. "In ta zo, ka kira ni in matsa maka."

Kafin kayan su iso, kullum sai ta murza masa yatsan da man habbatussauda, tana mita. Shi kuma ya riƙa yawo da lemon tsami a aljihu, yana matsawa a hanyar masallaci.

Ranar da kwalin ya zo, Thamer da kansa ya shigo da shi ɗakin, abin da bai saba ba. Yana ɗauke da kofin gahawa na takarda, yana fara'a.

"Sannu, Ammi! Yalla, mu ga amaryar taka."

Sabuwar kabbasar baƙa ce, mai nauyi, mariƙinta da tauri irin na abin da ba a taɓa morewa ba. Na'ibi ya yi bisimilla, ya sa kwanso, ya matsa. Zafi ya taso daga yatsan har gwiwar hannu. Kabsular ta shiga rabi ta tsaya. Ya ɗora hannun hagu kan na dama. Mariƙin ya yi rawa, bai rufu ba.

"Sabuwa ce," ya ce. "Sai ta sha mai."

"Kawo in gwada."

"Ba a koyonta rana ɗaya, ya waladi. Mahaifinka ma bai taɓa..."

Thamer ya riga ya ajiye kofin. Ya karɓa, ya juya ta, ya ɗauki wani kwanson ya sa kamar yadda ya ga an yi. Ya matsa a hankali, sai ya tsaya, ya ɗago kai.

"Na ji! Wallah na ji ta zauna. Duba, Ammi."

Na'ibi ya karɓi kwanson, ya shafa gindinsa da ɗan yatsa. Ya sake shafawa. Ya kai shi bakin taga. Neman aibi yake, ko kaɗan ne, wanda zai riƙe. Kabsular ta zauna lif. Da zai ce ta karkace, Thamer ba zai musa ba. Amma a gaban fuskar Thamer za a harba ta, Na'ibi kuma ya san babu abin da ya same ta.

"Ta zauna," ya ce.

Thamer ya yi dariya irin ta yarintarsa, ya jawo kujerar Na'ibi ya zauna. Ya yi wani, ya sake yin wani. Duk wanda ya gama sai ya miƙo, Na'ibi ya shafa ya jera. Babu wanda ya mayar.

"Subhanallah. Tun ina yaro Baba ke tsoratar da mu da ɗakin nan, ashe abin har daɗi gare shi. Hutun ƙwaƙwalwa ne bayan ofis." Sai idonsa ya sauka kan yatsan da ke miƙo masa kwanso. Fara'ar ta ragu. "Tun yaushe hannun yake haka?"

"Sanyin na'ura ne."

"Ammi."

Na'ibi ya janye hannun.

"Ni fa ta tebur na so saya," in ji Thamer. "Na ce ka manyanta, ka riƙa ja da sauƙi, ni ba ruwana. Kai ka ce ta 'yan koyo ce." Ya sa wani kwanson. "Halas, shi ke nan, ka huta. Ka yi mana da yawa."

"Maganar iƙama, ya waladi. Ta kusa..."

"Za mu zauna, in sha Allah. Bari in dawo daga daji tukuna." Bai ɗago ba. "Bar mini mabuɗin a jikin ƙofa. Abdulelah zai sauke ka."

Mabuɗin yana cikin zobe ɗaya da na gidansa. Na'ibi ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙoƙarin ɓare zoben da farce, yatsan ya ƙi. Sai da ya sa haƙori.