Bel ɗin Firinta da Bangon Baba Ilu

Hannayen Salahuddeen duka biyu suna cikin firinta lokacin da aka buga bango. Sau uku, kamar yadda suka yi alkawari.

"Ina zuwa, Baba," ya ce, bai ko ɗaga kai ba.

Firintar ita ce duk arzikinsa, doguwa kamar gado, tana buga manyan hotuna da bandirol, wato ƙyallen talla. Bel ɗin da ke jan kan tawada ya cinye, rubutu yana fita a karkace. Makanikin da ke unguwar Akwa ya ce sai Litinin, waɗanda suka ba da aiki kuwa za su zo da la'asar, wasu mutanen unguwar Bépanda da ke son hoton mamacinsu a bakin titi. Sai Salahuddeen ya sayo sabon bel, ya jingina waya yana kallon yadda ake sawa. Tun hantsi yake fama. Sau biyu sifirin ɗin da ke ɗaure bel ya kuɓuce masa, ya yi ta rarrafe yana nemansa a ƙasa. Yanzu ya kama shi da filaya, saura ƙiris ya shiga mazauninsa.

Bayan bangon katakon nan ɗakin Baba Ilu ne, tsohon tela da hawan jini ya kwantar tun bara. 'Yarsa Rahinatu tana aiki a wani ofis a unguwar Bali, ba ta dawowa sai rana ta yi. Ita ta roƙi Salahuddeen, ya kuwa amsa a gaban mutane da baki cike: in tsoho ya buga sau uku, ko me yake yi zai ajiye.

Gaskiya tsohon ya sha bugawa a kan abin da bai kai ba. Wani lokaci shayi, wani lokaci rediyo ta ƙi kamawa, wani lokaci hira kawai. Amma alkawari ba a yi shi da sharaɗi ba.

Aka sake bugawa. Sau biyu, a hankali.

"Baba, don Allah minti biyar."

Sifirin ya zauna. Ya ɗaure kusoshi, ya tura kan tawada da hannu, ya ji yana tafiya sumul. Har murmushi ya yi. Bai zagaya ba sai da ya ji kukan Rahinatu.

Sun tarar da tsohon a ƙasa, tsakanin gado da bango, kwalbar maganinsa ta gangara ƙarƙashin keken ɗinki. Jikinsa da sauran ɗumi. Malam Jibirilla, limamin layin, ya duba shi, ya shafe masa idanu.

Da mata suka fara cika tsakar gida, Rahinatu ta tsayar da Salahuddeen a bakin ƙofa. Ba ta da fushi a fuska, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"Yaya Salahuddeen, bai buga ba ne?"

"Injin yana aiki," in ji shi. "Kin san ƙararsa."

Ta dube shi. Ta gaban shagonsa ta sauka daga babur, murfin firintar kuwa a jingine yake a bakin ƙofa, kowa na gani.

"To," ta ce. "Allah Ya saka da alheri. Kullum cewa yake muddin kana bayan bangon nan ba ya tsoro."

Malam Jibirilla ya leƙo. "Salahuddeen, zo ka kama mana wanka. Kai ne na kusa da shi, ka fi kowa haƙƙi."

Salahuddeen ya so ya ce bai cancanta ba. Ya tsuguna a bakin famfo yana dirzar hannu da sabulu, ya ƙara da toka. Tawadar firinta ba ta jin ruwa. Ta shiga ƙarƙashin farce da tsagar fata ta zauna.

Shi ya zuba ruwa, liman yana cuɗawa. Tsohon ba nauyi ko kaɗan. Da suka naɗe shi a likkafani, Salahuddeen ya riƙe wajen kafaɗa don a ɗaure. Yana sakin hannu ya ga shatin babban yatsansa, shuɗi, a kan farin ƙyallen.

Malam Jibirilla ma ya gani. Ya kama gefen likkafanin, ya ninka shi ciki, ya shafe wurin da tafin hannu.