Ƙauyen Su Mai Lofe

Mainasara kuku ne a gidan wani Bature mai duba ramukan kuza a Riruwai. Sunan Baturen Keli, amma a cikin leburori ba mai kiransa haka, Mai Lofe suke ce masa. Shekara tara suna tare. Mai Lofe ya iya Hausa irin ta bariki, kuma ya sha gaya wa Mainasara cewa shi ba Ingilishi ba ne, mutumin ƙasar Ailan ne, ƙauyensu yana bakin wani kogi. Mainasara kan ce to, ya ci gaba da firar dankali.

A daminar 1954 matarsa Furera ta rasu wajen haihuwa, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba. Kafin azahar an kai su. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, yana amsawa yadda ake amsawa. Bai yi kuka ba. A kwana na huɗu ya koma bakin murhu, ya gasa burodi, burodin kuwa ya yi kyau.

Ba a kai ga sadakar arba'in ba gefen wani rami ya zabtare da Mai Lofe. Likita a Jos ya ce ƙafafun ba za su sake taka ƙasa ba, sai dai a mayar da shi gida. Aka shiga neman wanda zai riƙa ɗaga shi a hanya, ya yi masa wanka, ya sauya masa tufafi. Da aka tambayi Mainasara, sai ya ce zai je.

Wansa Sabo ya zo ya same shi yana ɗaure kaya.

Ya ce, "Ƙasar Turawa fa aka ce maka, ba Zariya ba."

"Na ji, Yaya."

"To me za ka je yi?"

"Ɗaukarsa zan riƙa yi."

Sabo ya cire layar da ke damtsensa ya miƙa masa.

Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, na ruwa ya yi mako biyu da su a teku, suka sake shiga wani ƙarami, daga nan sai mota. Duk inda aka tsaya Mainasara ya sunkuya, Mai Lofe ya rataya hannuwa a wuyansa. Mutumin da dā ƙasa ke amsawa in yana tafiya, yanzu bai fi buhun gero nauyi ba.

Ƙauyen titi ɗaya ne, gidajen dutse a jere, hayaƙi na fita ta kan rufi. A ƙarshen titin akwai gadar dutse mai baki bakwai, kogin na bi ta ƙarƙashinta, ruwansa baƙi ƙirin, ba ya ƙara. A tsallaken gadar wani tsohon kango ne ba rufi, ciyawa ta haye bangonsa, shanu na kiwo a tsakanin kaburbura.

Uwar Mai Lofe, wata ƙanƙanuwar tsohuwa da baƙin mayafi, tana tsaye a ƙofa. Ta ga ɗanta a bayan wani baƙin mutum, ta matsa gefe ta nuna kujera kusa da wuta. Mainasara ya ajiye shi, ya gyara masa ƙafafu, ya ja baya ya tsaya yadda ya saba tsayawa. Ta jawo wata kujerar ta dafa ta, tana kallonsa, har ya gane shi take nufi, ya zauna.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a garin. Mutane na leƙowa ta taga in zai wuce, wasu su cire hula, wasu su tsallaka ɗaya gefen titi. Duk ɗaya ne a wurinsa. Yayyafi ba ya ɗaukewa, rana ba ta fitowa balle ya gane gabas. Ya tambayi Mai Lofe, shi kuma ya yi ɗan tunani ya nuna masa wajen gada. Can yake fuskanta in zai yi salla. Ruwan alwala na sa yatsunsa su ƙage, sai ya tsaya ya dube su kamar na wani.

Wata safiya Mai Lofe ya ce a kai shi kangon. Mainasara ya goya shi suka haye gadar, ya zaunar da shi a kan wani faffaɗan dutse. Mai Lofe ya ce masu ibada ne suka gina wurin, shekara ɗari takwas ke nan, mayaƙa suka zo suka ƙone shi. Ya nuna inda ubansa yake kwance, ya nuna inda yakan kama kifi yana yaro.

Ya ce, "Wannan ne kogin da nake ba ka labari."

"Na gan shi, maigida."

"Kullum a Riruwai ina tuna shi. Yanzu ga shi, ban ji komai ba." Ya juya lofensa a hannu, bai kunna ba. "Kai fa?"

Mainasara ya ce, "Akwai sanyi."

Suka zauna har yayyafi ya jiƙa musu kafaɗu, sannan ya sunkuya ya ɗauke shi.

Ana gobe zai tafi, tsohuwar ta yi wa ɗanta magana tana duban Mainasara. Mai Lofe ya ce, "Tana tambaya ko kana da iyali."

"Gaya mata ta rasu."

Da aka gaya mata, sai ta taso ta kama hannunsa da hannuwanta biyu, ta yi ta magana a hankali, hawaye na bin kumatunta. Mainasara ya tsaya ya bar mata hannun. Ya nemi fuskar Furera a ransa, abin da ya zo masa kawai shi ne zanenta mai ratsin ja a kan igiyar shanya. Ya lura tafin tsohuwar kaushi gare shi, irin na mai aikin gona.

Mai Lofe bai yi doguwar sallama ba. Ya ce, "Ka gai da mutanen Riruwai."

"Za su ji. Allah ya ƙara sauƙi."

Mainasara ya iso gida an gama yankan dawa. Da la'asar mutane suka cika zauren Sabo, kowa na son jin labarin ƙasar Turawa. Ya ce akwai kogi, akwai gada, akwai shanu masu gajerun ƙahoni. Suka jira ya ƙara, bai ƙara ba. Wani ya tambaya ko gaskiya ne ba su da talaka. Ya ce suna da shi. Ɗaya bayan ɗaya suka sa takalma suka fita.

Sabo ya ce masa an kawo sabon Bature gidan da Mai Lofe ya bari, kuma yana neman kuku. Washegari da safe Mainasara ya je. Baturen ya ce shi ba ya cin ƙwai sai ya dahu sosai. Mainasara ya hura wuta, ya ɗora ruwa.