Yajin Jegon Madina

Tun ranar da Ɗanlami ya ce shi zai yanko wa mahaifiyarsu Inna Delu tikitin jirgi hankalin Sa'adiya bai kwanta ba. Ƙanenta ne, ta san shi ciki da bai. Ya daɗe yana lodin motoci a tashar Gusau, kuma a wurinsa duk abin da ke ɗaukar fasinja, a ƙasa yake ko a sama, ɗan'uwan bas ne.

Autarsu Madina ce ta haihu a Malesiya, inda mijinta ke karatu. Haihuwar fari, ba nata ko ɗaya a kusa. Inna ta rantse sai ta isa kafin suna, ita za ta yi wa 'yarta wankan jego da hannunta. Bizarta ta fito tun kafin haihuwar. Ta zauna a gidanta na Tsafe ta daka yaji, ta ƙulle kanwa da gero na kunu, ta ɗaure su cikin jaka guda.

Ɗanlami kuwa ya yi dabararsa ta 'yan tasha. Maimakon tikiti ɗaya har can, ya yanki biyu daga kamfani biyu, wai ya fi araha. Za ta sauka a wata ƙasa a tsakiya ta canja jirgi, tazarar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Da Sa'adiya ta yi magana ya yi mata dariya. Ya ce ai kamar sauka Funtuwa ne, ka tsallake titi ka shiga wata motar, in ma an makara babu direban da zai tashi ya bar tsohuwa.

Tana wanke-wanke a gidanta na Bungudu waya ta shigo da baƙuwar lamba. Wani bawan Allah ɗan Najeriya ne ya ara wa Inna wayarsa, shi ya yi bayani. Jirgin farko ya makara. Ba a wuce da jakarta zuwa jirgi na biyu ba, don kamfanonin ba su san da juna ba. Kafin ta ɗauko ta sai ta bi ta wurin jami'an shige da fice, su kuma sun nemi bizar ƙasarsu, ba ta da ita. Tana cikin roƙonsu da Hausa jirgin Malesiya ya tashi. Yanzu Kano za a mayar da ita.

Sa'adiya ba ta ko ɗauraye hannu ba ta hau mota sai Gusau, ranta na tafasa. Ta same shi yana kiran fasinjan Zariya, ta zayyana masa komai a gaban abokan aikinsa. Abin da ya ƙara tunzura ta, sai ya zaro waya.

"Yaya, ki samo min lambar direban, ni in yi mai magana."

"Direban wa? Jirgi ya tahi, Ɗanlami! Uwarmu na bisa benci ƙasar da ba ta san sunanta ba, kai kana neman direba."

Ya mayar da wayar aljihu. Ita kuwa ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, bai rage mata zafi ba ko kaɗan.

Ranar jajibirin suna Inna ta iso Tsafe da jakarta, ƙafafu a kumbure, ta tarar da su biyun suna jiranta. Sa'adiya ta jira ta ji an wanke Ɗanlami tas, amma tsohuwa ko uffan ba ta ce masa ba, ta amsa gaisuwarsa ta shige ɗaki. Wannan shirun ya fi komai ƙona wa Sa'adiya rai.

Washegari Madina ta kira ta bidiyo, ta ɗaga jaririya, ta ce an sa mata sunan Inna. Inna ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, sannan ta tambayi wanda ke dafa wa Madina ruwan wanka. Madina ta yi murmushin yaƙe, ta ce ita ke yi da kanta, in ta samu yarinyar ta yi barci.

Inna ta miƙa wa Sa'adiya wayar. Ta jawo jakar nan da ko kwance ta ba a yi ba, ta tura ta gaban Ɗanlami da ke tsugune a bakin ƙofa.

"Ungo," ta ce. "Kai da ka san hanya, kai mata."