Hannun Hagu

Tsakanin dogayen ƙarafa biyu na ɗakin gashin ƙashi, tsohon kocin jifan mashi yana koyon tafiya kamar yaron goye. Tun da aka yi masa aiki a ƙashin baya ƙafafunsa suka daina jin magana. Ya tsani ƙarafan, ya tsani warin man zafi, ya fi tsanar mai gashin da ke ce masa "sannu da ƙoƙari" ko bai motsa ba.

'Yarsa Auta tana jiransa a ƙarshen ƙarafan. Shi ya koya mata riƙon mashi, ita ce kuma abin alfaharinsa. Kafin a shiga da shi tiyata ya damƙa ta ga ƙaninsa da sharaɗi guda: yau jifa, gobe hutu, domin kafaɗar yarinya ba ta gama ƙwari ba. Ƙanin ya amsa har da dafa ƙirji.

Yana cikin takawa gwiwar tsohon kocin ta lanƙwashe. Auta ta zabura ta tare shi, amma da hannun hagu. Na dama ya ɗago kaɗan, ya tsaya, ya koma ya rataye.

Mutumin da ya tsufa yana kallon kafaɗun 'yan wasa ba a ɓoye masa irin wannan. Ana zaunar da shi ya ce, "Auta, ɗaga hannunki."

Ta ɗaga na hagu.

"Ni za ki yi wa wayo? Wanda kike jifa da shi."

Ta gwada. Gumi ya karyo mata, hannun bai kai ƙirji ba.

"Baffa ya ce gasa ta matso, sai jifa safe da yamma," ta ce. "In kafaɗar ta yi ciwo ya ɗora ƙanƙara, ranar gasa kuma allurar kashe zafi. Rannan ina wurgawa na ji wani abu ya tsinke."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Ya ce in ka ji ba za ka sake tashi ba, Baba."

Ya juya ga mai gashi. "Kin sani?"

"Ita ma a nan nake yi mata gashi bayan an mayar da kai ɗaki."

"Za ta sake jifa?"

"Bari dai ta fara iya taje kanta."

Wuƙar likita ba ta yi masa zafi haka ba. Cikinsu ɗaya da mutumin nan, shi ya goya shi, shi ya nema masa aikin koci.

"Yanzu yana ina?"

"Yana fili. Ya samu wata yarinya, ita ke jifa da mashin da ka ba ni."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihun keken guragu. Auta ta ciro ta da hagu, ta kara masa a kunne.

"Yaya! Ya ƙarfin jiki?" Muryar ƙanin cike da fara'a. "Kai dai ka warke kawai. Auta ga ta can tana jifa, hannu kamar ƙarfe."

Ya dubi hannun da ke rataye a gefen 'yarsa.

"Madalla," ya ce. "Miƙa mata wayar mu gaisa."