Kari a Hannun Riga

Aikina guga ne, a wani shagon wanki da ke bayan tashar mota. Teburina yana can ciki kusa da taga, inda tururi ke samun hanyar fita. Mu uku ne a shagon: ni, da Oga mai wurin, da Anti Mai Keke, wadda ke zaune a lungu da keken ɗinkinta tana mayar da maɓalli da gyaran abin da ya yage.

Tun ina yaro likita ya gaya wa mahaifiyata ina da otizim, wata lalura da ke sa mutum ya bambanta da sauran jama'a wajen fahimtar magana da mu'amala. Ni dai abin da na sani game da kaina shi ne, in aka faɗa mini magana, yadda aka faɗe ta haka nake ɗaukarta. Ba na iya leƙa bayanta in ga ko an ɓoye wata.

Wajen babana na koyi guga, Allah ya jiƙansa. Shi yana sa wa hannun riga kari tun daga kafaɗa har wuyan hannu, miƙaƙƙe sambal. Haka na taso ina yi, haka kuma na zo da shi shagon Oga.

Wata rana Oga ya ɗaga wata farar riga da na goge, ya juya ta, ya yi murmushi.

"Kai, wannan kari naka! In mutum bai yi hankali ba sai ya yanke shi."

Na ji daɗi har cikin raina. Na je gida na gaya wa mahaifiyata an yabe ni. Washegari na ƙara sitaci, na danna dutsen guga da ƙarfi.

Bayan kwana biyu ya sake cewa, "Mutanen yanzu fa ba su san darajar kari ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Oga. Amma mu mun sani." Ya dube ni, ya sosa ƙeya, ya koma bakin kanta inda yake karɓar kaya.

Ashe duk wannan lokacin masu kaya suna ta ƙorafi. Wani ma'aikacin ofis da ke kawo mana riguna da yawa ya kwashe kayansa ya koma wani shago. Ni ban sani ba, don ba ni nake tsayawa a kanta ba.

Ranar wata Laraba da yamma Oga ya dafa kafaɗata. "Gobe ka huta abinka. Kada ka wahalar da kanka da zuwa."

Na yi masa godiya sosai. Na ce a raina, wane irin mutumin kirki ne wannan.

Ina naɗe wayar dutsen guga, Oga ya fita sayen sabulu, sai na ji keken Anti ya tsaya. Ita ba mai yawan magana ba ce. Ta taɓa gaya mini cewa ita ma irina ce, sai da ta girma har ta haihu kafin a gano. Ba ta kallon mutum a ido, ni ma haka, shi ya sa hirarmu ke daɗi: ita tana kallon allura, ni ina kallon riga.

Ta ce, "Ƙanena, zan gaya maka abu mara daɗi. Ka ajiye abin hannunka tukuna."

Na ajiye.

"Oga korarka zai yi. Gobe wani zai zo gwaji a teburinka. Dalilin shi ne karin da kake sa wa hannun riga. Masu kaya ba sa so."

Na ce, "Amma ai yabona yake yi."

"Ba yabo ba ne. Hana ka yake yi, kunya ce ta sa yake zagayawa."

"To me ya sa bai ce in daina ba?"

"A ganinsa ya faɗa har ya gaji. Ni ma na daɗe kafin in gane irin maganarsu. Ba wai ina ji ba ne, haddacewa na yi."

Na zauna a kan buhun wanki. Mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai, da yadda ta sha wahala kafin ta samo mini wannan aiki, bayan wurare da dama sun ce za su neme ni ba su neme ni ba. Maganar Anti ta yi ciwo, amma ciwon da na san inda yake.

Na miƙe. "Bari in je in tambaye shi."

"Tsaya. Ban da gaban masu kaya. Kuma ka fara da sannu da aiki, shi haka yake so."

Oga ya dawo da kwalin sabulu a kafaɗa. Na jira wata mata ta karɓi labulenta ta fita.

"Oga, sannu da aiki. Kana son kari a hannun riga?"

Ya yi dariya, ya waiwaya wajen Anti. Ita kuwa ta duƙufa a kan kekenta kamar ba ta wurin.

"To, ai ka san kowa da yadda..."

"Oga, don Allah, e ko a'a. In ka zagaya ɓata nake yi."

"Ba wai ba shi da kyau ba ne fa..."

"E ko a'a?"

"A'a!" Ya faɗa da ƙarfi har shi kansa ya firgita. "Ba na so! Ba wanda yake so! Tun zuwanka ba na so!"

Ya sa hannu ya rufe baki.

Na ce, "Na gode, Oga."

"Godiya kuma? Na yi maka tsawa kana godiya?"

"Yanzu ne na ji ka. Ba ni riga ɗaya in gwada."

Ya ciro wata shuɗiya daga kwando. Na naɗe ƙaramin tawul na cusa cikin hannun, na bi shi da dutse a hankali ina juyawa, yadda nake yi wa rigunan mata. Hannuna yana ta so ya danna gefen, irin na babana, ina hana shi. Da na gama na rataye ta a hanga.

Oga ya duba gaba, ya duba baya. "Ba laifi."

"Ba laifi na gaske, ko irin na da?"

Anti ta tuntsire da dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ran nan.

Oga ya girgiza kai. "Kai dai ka zame mini jarrabawa. Ya yi kyau. Na gaske. Gobe ka zo aikinka, zan kira wancan in ba shi haƙuri."

Da zan tafi na tsaya gaban keken Anti don in yi godiya. Idona ya sauka kan rigar da ke hannunta, sai kawai na ce, "Anti, maɓallin nan a karkace kika sa shi."

Ta zabura, allurar ta faɗi. Ta murza yatsunta.

"Ni ba haka ake yi mini ba, ƙanena. Ina son gaskiya, amma ka fara sanar da ni tana zuwa. In ta faɗo mini kwatsam, jikina rawa yake yi."

Na ɗauka duk irinmu abu ɗaya muke so. Na ba ta haƙuri, na tsuguna na nemo mata allurar a ƙarƙashin keke.

Yanzu in Oga yana son abu, daga kanta yake ɗaga murya: "Kwalar nan ba ta kwanta ba, sake ta!" Masu kaya sukan dube ni da tausayi. Wata tsohuwa har ta ce masa ya ji tsoron Allah. Ya nuna ni da baki ya ce, "Mama, shi ya roƙa."

Rigar babana guda ɗaya tana nan a gida. Ita kaɗai nake sa wa kari.