Jijiyar da Aka Bari a Bango

"Ka kai ni tsohon rami da motarka, ka dawo da ni, Gimbiya ta zama taka," in ji Mai Diga.

Na ce, "Maimaita, kunnena ya tsufa."

"Ka ji sarai, tsohon ɓarawo."

Na yi maza na miƙa hannu muka tafa, kada ya sake shawara.

Mai Diga ɗan kawuna ne, tare muka tashi. Shi ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin da ake haƙo wa kamfanin siminti farin dutsen nan da suke kira jibsam. Ni kuwa dillali ne, ina sayen masu kyau daga ciki in kai wa masu tara duwatsu a kabad ɗin gilashi. Gimbiya ita ce ta fi duk abin da ya tara. Tsawonta ya kusa kamu, fara sol, zare-zare kamar siliki aka taje ya daskare. In ka juya ta a haske sai wani ƙyalli ya bi jikinta da gudu. Taushinta kuwa, farce ma yana yi mata tabo. Cikin tsohon zanen matarsa take kwana, can saman kabad. Na yi shekaru ina zawarcinta, kullum amsarsa ita ce in je in wanke idona.

Sai da muka hau hanya ya gaya mini abin da zai je gani.

"Akwai wata jijiyar dutse da muka bari ni da Yaya, Allah ya ji ƙansa. A bangon gabas. Lokacin kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba."

"Kuka bar ta? Ku da ko tsakuwa ba ku bari?"

"Dokar rami ce. Ƙaramar jijiya ba a sara ta, barin ta ake yi ta girma. Ka ga, laka ce take tsagewa. Ruwa mai gishiri-gishiri ya biyo tsagar, ya bar zare daga wannan gefe zuwa wancan. Tsaga tana ƙara buɗewa, zare yana ƙara tsawo, ba ya sakin kowane gefe. Yaya ya kafa turken ƙarfe a wurin, ya ce sai ta kai kaurin cinya za mu dawo mu cire ta tare. Sai aka daina aiki a ramin, shi kuma ciwo ya kwantar da shi."

Ya ce tun rasuwar Yaya, duk sanda ya zauna shi kaɗai can hankalinsa yake tafiya. In damina ta sauka sai ya ce yau jijiya ta sha, ta ƙara.

Na ce, "Wani malami da nake sayar wa ya ce girman nan ba na shekarun ɗan Adam ba ne, jikokin jikokinka ma ba za su ga bambanci ba. Kuma wai sai tana binne take yi."

"Malamin naka ya taɓa riƙe diga?"

"Cokali ma da ƙyar."

"To, tuƙa motarka."

Ramin ya zama wani abu dabam. Koren ruwa ya kwanta a ƙasansa, ƙaya ta cinye hanyar da manyan motoci suke bi a da, awakin wani suna kiwo inda ma'aunin kaya yake. Muka gangara a hankali, yana dafe da kafaɗata, gwiwoyinmu suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Yana tafe yana nuna mini: nan suke cin abinci, nan Yaya ya taɓa faɗawa cikin taɓo har wuya aka yi ta dariya. Muryarsa ta koma ta saurayi.

Turken yana nan, tsatsa ta ci rabinsa. Mai Diga ya sake ni, ya ƙarasa da sauri.

Tsagar ma tana nan, amma wayam. Ya zura yatsa, ya zura hannu har wuyan hannu, ya lalubo. Abin da ya fito da shi 'yan ɓurɓushi ne farare, kamar haƙoran tsohuwa. Ya murza ɗaya, ya zama gari.

Ya daɗe yana duban bangon, inda ruwan sama ya yi hanyoyi tun daga sama.

"Mu muka tone ta," ya ce. "Muka bar ta a fili, ruwa yana lasa. Ni da ba na barin jikokina su taɓa Gimbiya da jiƙaƙƙen hannu! Ina murna da damina, ashe cinye ta take yi."

Na ce, "Da Yaya yana nan da ya ce laifinka ne."

"Da ya ce, wallahi." Ya yi 'yar dariya, ya share hannu a riga. Ya jijjiga turken kamar zai cire, sai ya fasa.

Da muka koma gida ya taka kujera da kansa ya sauko da Gimbiya. Ya warware zanen ya ninke abinsa, ya naɗe ta a jarida. Na ce in yana so a bar maganar, ai wasa ne. Ban faɗa da ƙarfi ba.

"Ka kai ni ko ba ka kai ni ba?"

"Na kai ka."

"To ɗauki, kada ka sa ta a rana."

Gimbiya tana gidan wani attajiri yanzu, da fitilarta ta kanta. Ni na ci riba, babu musu, kuma ban yi wa kowa ƙarya ba. Mai Diga ne ya yi asara har biyu: babu dutsen da yake da shi a hannu, babu kuma wanda ya yi shekaru yana jira, wanda saboda shi yake ganin da sauran aiki tsakaninsa da Yaya.